Hannun Alhaji Maccido

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, duk mai babbar riga a Ƙaura sai da ya kafa ƙungiya. Akwai ta ci gaban matasa, wadda ƙaramin cikinsu ya riga ya aurar da 'ya. Akwai ta masu taki. Akwai ta waɗanda suka kusa zama kansila. Tamu ta namun daji ce, sunanta kuma ya yi tsawon da sai da mai fenti ya nemi a ƙaro masa katako: Ƙungiyar Kare Mazaunin Namun Daji ta Ƙaura, Shinkafi da Zurmi. Duk wannan suna a kan wuri guda ya tsaya, Kurmin Inna, can cikin dajin da ke tsakanin Zurmi da Shinkafi, bayan wani ƙauye da ake ce wa Tungar Magaji.

Mu biyar ne amintattu. Shugabanmu Alhaji Maccido, dillalin hatsi, mai faɗin ƙirji da faɗin murya, wanda ya shigo harkar don ya ji a rediyo cewa manyan mutane a wasu ƙasashe da irin wannan suke ado. Sai Malam Bilyaminu, matashin malami mai sanyin hali, wanda ya yarda har cikin ransa cewa itace ma amana ne. Sai Ardo Hammadu, da shanunsa ke shan ruwa a gefen kurmin. Sai Dominic, mutumin Kafanchan, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, wanda jirgi ya rage zuwa ya bar shi da lokaci mai yawa da wani tsohon madubin hangen nesa da ya tarar a ofis, ya koma kallon tsuntsaye. Na biyar ni ne, Maitama, malamin kimiyyar halittu a wata sakandare, mataimakin shugaba na biyu. Babu mataimaki na ɗaya. Na taɓa tambaya, Alhaji ya ce an bar gurbin ne ko wani babban mutum zai yi sha'awa.

A zauren Alhaji muke zama bayan la'asar, a kan shayinsa. Ba ma ɗaga hannu. Alhaji ya ce ƙidayar hannu aikin 'yan siyasa ne, mu shawara muke yi irin ta mutanen kirki: kowa ya faɗi tasa, sannan a tashi a kan maganar da babu wanda ya iya ja da ita a fili.

Ni gauraka ne suka kai ni. Da ina yaro kowace fadama tana da su. Da na fara furfura sun ƙare a ko'ina, an kame su an kai gidajen masu hali su riƙa yawo a tsakar gida da yankakken fiffike. Inda suka rage a duk yankinmu shi ne tafkin da ke tsakiyar Kurmin Inna. Da ruwa ya sauka sai su yi sheƙa a cikin ciyawar tafkin, su riƙa tsalle suna buɗe fiffike gaban juna kamar waɗanda aka yi wa albishir, da yamma su hau giyayya su kwana. Nakan ari madubin Dominic in tsaya ina kallonsu har wuyana ya sage. Matata ta ce da ita nake kallo haka da ta san ta yi aure.

Dalilin da ya sa suka rage a can, duk mun san shi, ba kuma allonmu ba ne. Mutanen Tunga sun gada cewa aljanar nan Inna ce ke zaune a kurmin, kuma duk wanda ya sari ko da tsinke, hannunsa zai shanye. A tsakiya akwai wata tsohuwar tsamiya da aka ɗaura wa tsummoki farare, kuma kowace shekara kafin ruwa, gwaggon Ardo, wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Lubabatu, takan je ta zuba nono a gindinta. Shi ke nan. Babu mai gadi, babu waya, babu tara. Maɗaci da ƙirya da kanya sun yi kaurin da mutum biyu ba sa rungumewa. Aikinmu na amintattu shi ne mu hau motar Alhaji lokaci-lokaci, mu je mu tsaya daga nesa, mu tabbatar Inna tana bakin aikinta.

Sai Shari'a ta zo. Ni ma na je Gusau ranar taron, na yi kabbara har muryata ta dishe, ban kuma yi nadama ba. Amma lokaci ne da kowa ke duba rigarsa ko akwai tabo, ya kuma duba ta maƙwabcinsa. Ba a jima ba magana ta fara yawo a kasuwa cewa akwai wasu manya a Ƙaura da suka yi wa gidan tsafi rajista, har da allo.

Alhaji ya kira zama. Ranar ko sukari bai tambayi kowa ba.

"Kun ji abin da aka hwaɗi?" in ji shi. "Wai Maccido na gadin aljana. Ni! Da haƙorin Makka cikin bakina! Jiya wani yaro da na saya ma ubansa buhu ya ƙi ba ni hannu masallaci."

Malam Bilyaminu ya sunkuyar da kai. "Alhaji, maganar ba duka ce ƙarya ba. Tsummokin nan suna nan, nonon nan ana zubawa. Mutane na tsoron abin da ba ya amfani ba ya cutarwa, mu kuma muna cin moriyar tsoron. Na daɗe abin na damuna."

"To mi za mu yi, Malam? Mu rushe ƙungiya?"

"A'a. Mu tsarkake ta. Mu je da rana tsaka, gaban jama'a, mu zauna gindin tsamiyar, mu kwance tsummokin. In yi musu bayani cewa Inna ba ta da ikon komai, amma kurmin hurumi ne, amana ce ta Allah, tsuntsayen nan al'umma ce kamarmu. Su bar shi don Allah, ba don aljana ba."

Na dubi Ardo, don gwaggonsa ce mai zuba nonon. Ardo ya dubi kofinsa. Bafulatani ne mai shanu a shekarar da ake neman wanda za a nuna da yatsa. Ba shi ne zai tashi ya kare tsummoki ba.

"Ni duk abin da manya sunka yanke," ya ce.

Dominic ya gyara zama. Tun da aka fara Shari'a ya koyi magana kamar mai tafiya a kan ƙwai.

"Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, ba na shiga maganar addini. Tambaya ce kawai irin ta ma'aikacin tasha. In an sallami wannan mai gadin, wa zai karɓi aikin?"

Malam ya ɗago ya dube shi da fuska a sake, babu ko alamar faɗa. "Tsoron Allah, Dominic."

Ina da amsa, tana nan a bakina har da ɗanɗanonta. Na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane, na ga masu tsoron Allah suna satar amsa da carbi a aljihu. Amma wane ne zai buɗe baki a wannan zaure, a wannan shekara, ya ce tsoron Allah bai kai tsoron Inna gadi ba? Ba ni ba. Ko yau ma ban san yadda ake faɗinsa ba tare da an faɗi abin da ba a nufa ba. Magana ce da babu wanda ya iya ja da ita a fili, don haka bisa tsarinmu ita ce shawara. Aka shafa fatiha.

Muka tafi da hantsi a bayan a-kori-kurar Alhaji, da tabarmi da tsire da lasifika. An riga an yi shela, mutanen Tunga sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, amma duk suka tsaya a bakin kurmi kamar an ja musu layi. Mu kaɗai muka shiga. Ba zan ɓoye ba, ni mai koyar da cewa ƙwayar cuta ke shanye ƙafar yaro, sai da na tsinci kaina ina taka ganye a hankali ina neman afuwar wanda ban yarda da shi ba. Ciki akwai sanyi da duhu-duhu, ga ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Wata gada ta tsaya ta dube mu, ba ta ma gudu ba. Ba ta san mutum ba.

Muka shimfiɗa tabarmi gindin tsamiya. Malam ya yi bisimilla ya kwance tsummokin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su da kyau, bai jefar ba. Sannan ya ɗauki lasifika. Ban taɓa jin wa'azi mai daɗin wannan ba. Rabin farko ya ce babu mai shanye hannu sai Wanda ya halicci hannun. Mutane suka yi kabbara, wasu suka fara matsowa. Yana shirin shiga rabi na biyu, na amana da hurumi, sai wata murya ta taso daga cikin taro.

"Allah shi gafarta Malam, zama ai ba sara ba ne! Awakinmu ma na shiga su kwanta su hito lahiya!"

Jatau ne, masassaƙin Tunga, wani siririn tsoho da ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa turmi da itacen banza alhali ƙirya na kallonsa daga nesa. Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa, "Ko Alhaji ya baro gatarin gida?"

Sara ba ya cikin shawararmu. Amma an kira sunan Alhaji gaban jama'a, kuma Alhaji bai taɓa barin ciniki a kan tayin wani ba. Ya miƙe ya naɗe hannun riga.

"Miƙo naka, tsoho."

Malam ya ce, "Alhaji, ba sai an..." Amma gatarin ya riga ya wuce hannu zuwa hannu. Alhaji ya zaɓi wani reshe na tsamiyar mai kaurin cinya, ya yi ta sara yana nishi har ya faɗo. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya da wata irin ƙara. Ya ɗaga hannun dama sama yana juya shi kamar ɗan dambe.

"Ga shi nan! Ku dube shi da kyau!"

Sun kuwa dube shi. Malam ya ci gaba da rabi na biyu, ya yi shi da kyau har idonsa ya kawo ruwa, amma duk idon da ke wurin yana kan hannun Alhaji.

Muna naɗe tabarmi sai ga Gwaggo Lubabatu da ƙwaryar nono a ka. Ba a gaya mata ba, ko an gaya mata ta zo duk da haka. Ta dubi reshen a ƙasa, ta dubi tsamiyar tsirara babu tsumma, ta dubi ɗan ɗan'uwanta, Ardo ya sami wani abu mai muhimmanci a tafin takalminsa. Sai ta sauke ƙwaryar ta miƙa wa Malam.

"Tunda mai sha ta tashi, ku sha, kar shi lalace."

Malam ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla ya kurɓa. Ta ce, "Ni dai na huta da tahiya," ta juya.

Daga ranar shagon Alhaji ya zama wurin ziyara. Mutanen Tunga da ba su taɓa sayen ko mudu a Ƙaura ba sai ga su sun zo tambayar farashin gero. Kowa sai ya ba Alhaji hannu, ya riƙe ya daɗe, yana ɗan matsawa kamar mai taya akuya. Jatau da kansa ya zo, ya gaisa, ya tambayi iyali, ya sake gaisawa. Alhaji ya ji daɗin abin. Ya riƙa korar 'yan dako yana ɗaga buhu da kansa. A masallaci aka koma ba shi sahun gaba.

Hannun bai yi komai ba. Ko ƙaiƙayi.

Mata ne suka fara, da busassun rassan da suka faɗi da kansu, wanda ko Malam ya ce babu laifi. Sai Jatau ya kayar da ƙirya guda, ya ce dama ta tsufa. Sai maƙera suka tuna gawayin ƙirya ya fi kowane. Kafin zafi ya tsananta, motocin masu gidan burodi sun gano hanya, sun kuma gyara ta da kansu, abin da aka daɗe ana roƙo ba a samu ba. Gadar nan da ba ta san mutum ba ta san shi. Allonmu ma ya tafi, don shi ma katako ne. Daga baya na gan shi ƙofar wani akurki, kaji na shiga ta ƙarƙashin kalmar Kare.

Mun kai kuka ofisoshin hukuma, inda ake zuwa. Aka ba mu kujera da ruwan sanyi da alkawari. Malam Bilyaminu kuwa ya ɗauki buzunsa ya koma bakin kurmi, kullum yana can, yana tare masu gatari ɗaya-ɗaya yana yi musu nasiha. Ba wanda ya taɓa yi masa rashin kunya. Sukan ajiye gatari su durƙusa, su ce gaskiya ne Malam, Allah shi saka. Sai su jira ya ta da sallar azahar.

Da aka ci kusan rabin kurmin, hadari ya fara haɗuwa a gabas, na san gauraka na hanya. Tafkin da giyayyar da ke kewaye da shi suna nan tukuna. Na roƙi Alhaji ya kira zama.

Na yi shiri, na yi wanka, na sa hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita. Da aka zuba shayi na ce, "Alhaji, ina da shawara, amma a yi mini afuwa kafin in faɗa."

"Hwaɗi, na biyu."

"Ka rataye hannunka."

"In yi mi?"

"Ka sami ƙyalle ka rataye shi a wuya. Wata guda kawai, har su yi ƙwai su ƙyanƙyashe. Kar ka ce komai. In an tambaye ka ka ce ba komai, ka kau da kai. Ba ka yi ƙarya ba. Jatau zai yi sauran aikin."

Dominic ya saki dariya, ya maida ita tari. Ardo ya ɗago kai karo na farko cikin watanni.

"Wallahi da an ga ƙyallen nan," in ji Ardo, "kahin la'asar babu gatari ko guda cikin kurmin ga. Har wanda anka sara sai an maido."

Abin da ban zata ba, Alhaji bai yi faɗa ba. Ya dubi hannun nasa, ya juya shi. Shi ma kwanakin baya ya je ya ga kututturan da idonsa. Ya ce a hankali, "Wata guda... Dama kahwaɗar ga na ɗan yi mini tsami da sahe." Sannan ya juya. "Malam, mi kac ce?"

Malam Bilyaminu ya rame, rana ta ƙona shi. A cikinmu babu wanda ya wahala a kan kurmin nan kamarsa.

"Malam Maitama," ya ce, "ka san ina son wurin nan."

"Na sani."

"Akwai wata mata a Tunga, ɗanta ƙafarsa ta shanye tun yana goye. Shekara da shekaru tana cewa ita ta jawo, don ta taɓa tsinko tsamiya a bakin kurmi tana da ciki. Bayan wa'azin nan ta zo ta same ni tana kuka, ta ce ashe ba ita ba ce. In Alhaji ya rataye hannu, me zan ce mata? In ce ta koma ta ɗauki kayanta?" Ya share fuska. "Ƙarya da ƙyalle ƙarya ce. Mu mayar da mutane ga tsoron wanin Allah da hannunmu, muna sane, don tsuntsu? Ba zan iya tsayawa da wannan gobe kiyama ba. Ku gafarce ni."

Na dubi Malam. Na so a ce mugu ne, ko wawa, da na ji sauƙi. Alhaji ya sauke hannunsa a kan gwiwa. Wannan ma magana ce da babu mai iya ja da ita a fili. Aka shafa fatiha. Shayin ranar har da madara, ban san dalili ba.

Gauraka sun zo da ruwan farko. Ni da Dominic muna can, a kan wani kututturen maɗaci da ya ishe mu zama mu biyu har da wurin ajiye hula. An riga an sare giyayyar, an ƙone ciyawar tafkin, wani ya ja kunyoyin shinkafa har bakin ruwa. Suka zo daga arewa suna wannan kuka nasu mai kama da kakaki, suka kewaya, suka sake kewayawa ƙasa-ƙasa. Guda biyu suka sauka a cikin tokar, suka tsaya da ƙafa ɗaya suna dube-dube. Ba su yi rawa ba. Wasu samari suka taso da gudu da raga, sai tsuntsayen suka tashi. Dominic ya miƙo mini madubi na ce ya bar shi, ido ma ya isa.

"Ina za su?" ya tambaye ni. Ni ne malamin kimiyya.

"Inda ba a yi musu kwamiti ba," na ce.

Tsamiyar ce ta ƙarshe. Har masu burodi sun ɗan yi mata kawaici, sannan suka daina.

Ƙungiya ba ta rushe ba. Ƙungiyoyi irin tamu ba sa rushewa, shayi ne kawai ke raguwa. Dominic ya nemi canjin wurin aiki ya koma gida, ya bar mini madubin. Ardo ya kwashe shanunsa ya yi gabas, don tafkin ya fara ƙafewa tun kafin tsakiyar rani. Malam ya ci gaba da koyarwa a makarantarsa, amma bai ƙara hawa mumbari ya yi maganar itace ba.

Sai bayan an yi damina biyu a kan filin, wata safiya Alhaji yana tsaye a shago yana ciniki, mudu ya faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka ya bi shi. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe da shi, ga kiba ga ɗaga buhu. Ɓarin dama ne ya shanye, hannu da ƙafa, bakin ya karkace.

Kafin a dawo da shi daga asibiti labari ya isa Tunga. Wanda ya yi shinkafa a bakin tafki ya bar ta a tsaye, tsuntsaye suka cinye. Masu gawayi suka bar buhunansu a inda suke. An ce Jatau ya kwashe turamen ƙirya da bai sayar ba ya kai bakin filin ya jere, ya tafi da baya da baya. Da na je na gani da idona, babu sawun mutum ko ɗaya. Fili fetal, rana na dukan kututture, kuma a jikin kututturen tsamiyar wani ya ɗaura sabon farin ƙyalle. Inna ta dawo bakin aiki, ta tarar an sace kayan da take gadi.

Amma na ga wani abu kuma. Kututturan giyayya da na marke sun yi toho, ɗanye shar, wasu sun kai gwiwata. Ko akuya ba a bari ta shiga. In aka ƙyale su, wata rana, ba a zamanina ba wataƙila, za a sami inda gauraka za su kwana.

Na je gaida Alhaji. An kwantar da shi a zauren da muke zama, an ɗora hannun a kan matashi kamar baƙon da ba a san yadda za a yi da shi ba. Ya rage rabi. Sai na kai kunne kusa kafin in gane maganarsa.

"Na biyu."

"Ranka shi daɗe."

"Sun bar sara?"

"Sun bari, Alhaji. Har toho ya fito."

Ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya motsi, na share masa da bakin rigata, don shi ba zai ji shi ba.

"Suna cewa ita ta."

Na gyara masa matashi.

"Kai malami na. Ka tahi Tunga... ka hwaɗa musu hawan jini na. Kar in mutu... ana cewa aljana ta ka da Maccido. Kar in zama hujjar shirka." Ya kama hannuna da na hagu, da sauran ƙarfin dillali. "Amana."

Na fito na tsaya a ƙofar gida. Ga toho, ga amanar mutumin da ke kwance. In na je suka yarda da ni, kafin kaka an kai awaki, an kai gatari, an gama da abin da ya rage. In ban je ba, na ci amanar mara lafiya, kuma matar nan mai ɗa gurgu ta ci gaba da ɗaukar kayan da ba nata ba. Babu zauren da zan kai wannan, babu wanda zai faɗi maganar da ba a ja da ita in huta.

Na je. Ranar Juma'a bayan an sauko, na tsaya gaban masallacin Tunga da allo da alli da na aro a makaranta. Na zana zuciya, na zana jijiya, na nuna yadda jini ke matsawa har ta fashe a cikin kai. Na kawo misalin tiyo da famfo. Na gaya musu mahaifin Alhaji ma haka ya yi, shi kuwa bai taɓa ganin kurmin ba. Ban rage komai ba, ban sassauta ba, Allah ne shaida. Na koyar da darasin nan kamar mai duba makarantu na zaune a baya. Na ce duk mai tambaya ya yi.

Jatau ya ɗaga hannu, na hagu. Na dama yana cikin riga, ya ɓoye shi tun ranar da labari ya zo.

"Malam, wanga hawan jini, shina da ɓarin da ya hi so?"

"A'a. Yakan kama dama, yakan kama hagu."

"To." Ya gyaɗa kai, ya dubi jama'a. "Ya kama dama."

Suka yi mini godiya ƙwarai. Suka ce ilimi dai da daɗi. Wani ya ɗauke mini allon har bakin hanya, amma da muka zo daidai filin sai ya kewaya ta nesa, ni ma na bi shi, don shi ke riƙe da allon.

Na koma na gaya wa Alhaji na isar, ya ce Allah shi yi albarka. Bai tambaye ni ko sun yarda ba, ni ma ban ce ba. Ya rasu kafin azumi.

Shekara ashirin ina kukan cewa ba a sauraron malamin makaranta a ƙasar nan. Ranar ce kaɗai abin ya yi mini amfani, ban kuma san ko godiya ta kamace ni ko istigfari ba, don haka nakan yi duka biyun. Tohon ya wuce tsayina yanzu. Da ruwan farko nakan hau kabu-kabu in je in zauna a kan kututturen maɗacin nan da madubin Dominic. Mutanen Tunga na gaishe ni daga nesa, suna duban hannuna. Gauraka ba su dawo ba.